Saniyar da Ta Warke a Garken Nagoggo

Na san Nagoggo tun kakar 1978. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar mishan a gefen garin Zuru, ina kuma da 'yar gonar dawa a kan hanyar Danko. Wata Asabar na tarar da wani dogon Bafillace tsaye a bakin gonar, ya saɓa sanda a kafaɗa, shanunsa na bayansa, ko ɗaya ba ta taka kunya ba. Ya ce yana son su ci kara, su bar mini taki. Na ce to. Daga ranar muka ƙulla, har ta kai na sayi 'yan shanu uku na ba shi riƙo, kamar yadda mutanenmu da yawa suke yi.

Sunansa na yanka Muhammadu, amma goggonsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, sunan ya bi shi har tsufa. Bai yi boko ba, bai kuma yi nisa a allo ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Da sassafe, kafin a fara tatsa, yakan ratsa garke a hankali, hannu a baya, yana sauraron numfashi. Idan saniya ta yi tari a bayansa zai faɗi sunanta bai waiga ba. Na gwada shi sau biyu, don ni mutum ne mai son tabbatarwa, kuma duk biyun ya ci. Mu a makaranta an koya mana kiwon lafiya da zanen huhu a jikin allo, da jan alli da shuɗi. Shi bai taɓa ganin zane ba, amma ya fi ni sanin yadda huhu yake magana.

A cikin garken akwai wata jar saniya mai dogon ƙaho, ana kiranta Woɗe. Uwarta ma Woɗe ce, haka kakarta. Fulani ta wajen uwa suke bin asalin saniya, bijimi ba ya riƙe gida. Woɗe ta farko mahaifin Nagoggo ne ya ba shi tun yana ɗan shekara bakwai. Da annobar bushiya ta zo a 1983 ta share masa fiye da rabin garke, karsana ɗaya ce ta tsira daga wannan tsatso. Daga nan kuma sai suka yi ta haihuwar maza. Zuwa shekarar 2005, mace ɗaya tak ta rage daga abin da uban ya bari, ita ce wannan da nake magana a kanta. Bai taɓa ce mini yana son ta ba. Sai dai ita kaɗai yake cire wa kaska da hannunsa.

A watan Janairun wannan shekara masu rigakafi suka zo, suka kafa a wani fili kusa da rugar. Nagoggo ya kai shanu duka aka yi musu allurar ciwon huhu, har da nawa ukun. Woɗe ce kawai bai kai ba. Ya ɗaure ta a bayan wata tsamiya har motar ta tafi. Dalilinsa, shekarun baya an yi wa uwarta irin wannan allura a bakin wutsiya, wurin ya kumbura, wutsiyar ta guntule, ta ƙare rayuwarta ƙudaje na cin ta da damina ba ta da abin kora. Bai gaya wa kowa ya ɓoye ta ba. Ni ma sai daga baya na ji.

Da bazara ta yi zafi, ruwa ya ƙafe ko'ina sai wani gurbi ɗaya a rafi. Wasu shanun fatake da aka koro daga arewa suka kwana biyu a wurin, suna sha tare da na kowa. Bayan kamar mako biyar Woɗe ta daina tuƙa. Na gan ta da idona: ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙa wuya, bakinta a sake, kowane numfashi da ɗan nishi a ƙarshensa. Nan da nan Nagoggo ya ware ta, ya hau bayan ɗan acaɓa ya zo gidana, muka tafi shagon Cyprian.

Cyprian mutumin kudu ne, ya shekara ashirin yana sayar da maganin dabbobi a Zuru, Hausarsa ta isa ciniki da tsokana.

"Alhajin daji, yau wane ne ba lafiya, kai ko saniya?"

"Da ni ne, da ban zo wurinka ba," in ji Nagoggo. "Sai in tafi wurin mai maganin gaske."

Cyprian ya yi dariya, ya ɗauko wata kwalba mai ruwan ƙasa. Ni na karanta takardar, na fassara masa yawan da za a yi da kwanakin da za a bari tsakani. Cyprian ya ce, "Ticha, gaya masa ya kira likitan dabbobi fa. Huhu ba wasa ne ba." Na gaya masa. Ya ce ya ji.

Allurar ta yi aiki. Cikin mako uku Woɗe ta miƙe, ta fara cin harawa, idonta ya washe. Nagoggo ya mayar da ita cikin garke, kuma ba a ɓoye ya yi ba, da farin ciki ya yi. Abin da ya gada daga ubansa shi ne, saniyar da ta sha huhu ta tashi, huhu ba ya sake kama ta. A wurinsu irin wannan ita ce mafi aminci a garke. Ya ce da ni, "Ticha, yanzu ko cikin masu tari ta kwana ba ruwanta." Na taya shi murna, don ni ma iyakar sanina ke nan.

A nan ne Saloma ta shigo labarin. Gwauruwa ce 'yar ikilisiyarmu, mijinta soja ne ya rasu, ita ke noma gonar gidan. Tana da sa ɗaya na huɗa, sai ɗanta Japhet, wanda shi ma ya shiga soja, ya aiko mata kuɗi ta sayi na biyu a kasuwar Ribah cikin Fabrairu. Ta sa masa suna Kofur. Ta kai su duka biyu wurin Nagoggo su yi rani. Tun da bayan tafiyar masu rigakafi aka sayo Kofur, ba a yi masa allura ba. A makon da ruwa ya zauna, ana shirin ɗaura garma, ya kwanta da nishi. Kwana tara ya yi, ya mutu.

Al'ada ita ce, idan dabbar riƙo ta mutu, makiyayi ya kawo fata shaida, magana ta ƙare. Nagoggo ya kawo fatar a naɗe, ya ajiye a ƙofar gidanta.

"Maman Japhet, sai haƙuri."

Ta warware fatar, ta duba farin tabon da ke goshi. "Shi ne. To, mai abu ya karɓi abinsa. Shigo ka sha ruwa."

Damanar nan da fartanya ta yi rabin gonar, ita da 'yarta. Sauran rabin sai da maƙwabci ya gama tasa ya ara mata sa, lokacin shuka ya riga ya wuce.

A Yuli wasu maruƙa biyu suka fara tari, sai kuma wani bijimi na mutumin Danko da aka kawo riƙo kwanan nan. Wannan karon Nagoggo da kansa ya ce in nemo masa likita. Na je na samo Alice, malamar dabbobi, wadda na koyar da mahaifinta a aji huɗu. Ta zo a kan babur ranar 11 ga Agusta, da takalmin roba da 'yar jaka. Ta sa aka kora shanun da gudu zuwa wata ɗorawa aka dawo da su, ta tsaya tana kallon waɗanda suka kasa mayar da numfashi. Ta ware huɗu. Woɗe ba ta cikinsu, tana can tana kiwo abinta.

"Baba, wacce ta fara?"

"Sa ne na Maman Japhet."

"Kafin shi fa? Ba wadda ta yi ta warke?"

Ya nuna Woɗe da sanda. "Waccan. Amma ita ta gama da shi tun bazara."

Alice ta daɗe tana kallon saniyar. Ta sa aka riƙe ta, ta ɗora kunne da abin sauraro a haƙarƙari, dama da hagu, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Sannan ta zo ta tsuguna a gabansa, kamar yadda 'ya take yi wa uba.

"Baba, maganarku gaskiya ce, ba zai sake kayar da ita ba. Amma wani lokaci ba fita yake yi ba. Allura takan kwantar da shi, jiki ya kewaye shi da bango a cikin huhu, kamar an rufe rumbu an yaɓe. Saniya ta yi ƙiba, ta yi kyau. Ran da ta gaji ko ta sha wahala sai bangon ya tsage, ta yi tari ɗaya, na kusa da ita ya shaƙa."

"Kin gan shi a ciki?"

"Ban gani ba. Ba mai gani sai an buɗe. Hagunta dai ba ya amsawa kamar dama. Ba zan rantse maka ba, amma da tawa ce, yanka ta zan yi."

Nagoggo ya juya ya dube ni. Na tuna abin da aka koya mana game da tarin fuka, yadda yake kwanciya a ƙirjin mutum shekaru, na ce masa haka ne, akwai irin wannan a mutane ma. Ya yi ta kankare ƙasa da gindin sanda.

"Tana da ciki," in ji shi. "Wata uku."

Alice ba ta san abin da wannan yake nufi ba, ni na sani. Na ja ta gefe na yi mata bayani. Da muka dawo ya tambaye ta abu ɗaya: tarin saniya, ina ne iyakar inda yake kaiwa? Ta ce ba ta da awo, amma idan ba su haɗa iska ba, ba su haɗa mashaya ba, ba su hango juna ba, tana ganin an tsira. Ta ƙara da cewa saniya ɗaya ba ta zama ita kaɗai, za ta tsinke igiya ta komo.

"Ba ita kaɗai za ta zauna ba," in ji shi.

Masu tarin huɗu aka yanka a makon. Alice ta samo allura aka sake yi wa sauran. Nagoggo ya damƙa garken a hannun ƙanensa Zakariyya, ya ja Woɗe zuwa gindin wani dutse mai tafiyar kusan awa biyu a ƙasa, inda ba hanyar shanu. Ya kafa bukka, ya yi mata shinge da ƙaya. Amma kafin ya tafi ya zo ya ce in raka shi gidan Saloma. Ya ce shi kaɗai bakinsa ba zai buɗu ba.

Mun same ta tana sussukar tsohuwar dawa. Aka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima. Daga ƙarshe ya ce, yana kallon ƙasa:

"Maman Japhet, fatar nan da na kawo miki. Na ce miki haƙuri kamar abin daga sama ya faɗo. Da hannuna a ciki. Akwai saniyar da na hana a yi wa allura, ita ta ɗauko ciwon, ni kuma na mayar da ita cikin shanu, kusa da naki."

Saloma ta jingine taɓarya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka ga hannuna?" Ta buɗe tafukan, duk kanta. "Shekarata hamsin da shida. Rabon da in yi huɗa da fartanya tun Japhet yana goye."

"Na gani."

"Kai da ake cewa kana jin tarin saniya daga Danko."

Sai ta ƙara da cewa:

"Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Ticha zai sani. Ɗiyar nan likita ta sani."

"Su ba za su faɗa ba."

"To, ni na sani."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da aiki. Muka zauna kaɗan, muka yi sallama. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ya kawo mata ɗayan san nata ba. Ta bar shi a garken.

Wata shida ya yi a gindin dutsen. Matarsa Raliya ke kai masa gari da nono bayan kwana biyu biyu. Da ruwa ya janye ya haƙa 'yar rijiya a cikin yashin ƙorama, yana ɗebo wa saniyar da ƙwarya. Makonnin farko ta yi ta kuka tana fuskantar inda garke yake, har muryarta ta dushe. Mutumin da ya saba da shanu saba'in ya koma bin guda ɗaya. 'Yan'uwansa wasu suka ce ya taɓu, wasu suka ce ya kai ta kasuwa can nesa ya sayar, ai ga ta da ƙiba, wa zai gane. Ya ce wanda zai saya shi ma garke gare shi.

Na kai masa ziyara bayan Kirsimeti, na riƙa masa goro da sukari. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Woɗe kuwa cikinta ya fito sosai, gashinta na sheƙi. Na ce masa ni dai ban ga alamar ciwo a jikin wannan saniya ba, kada a zo a yanka ta a tarar da huhu lafiya lau.

"Yana nan," in ji shi.

"Alice ma ta ce ba ta da tabbas."

"Ita ba ta da shi. Ticha, tun ran da na mayar da ita cikin shanu nake jin sa. Da asuba, in ta miƙe, tari ɗaya, gajere, daga can ƙasa. Kullum sai in ce ƙaiƙayi ne ya shige mata." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Da saniyar wani ce, da rana ɗaya ba ta ƙara ba."

Sai na tambaye shi ko namiji yake gani ko mace. Ya ce Bafillace ba ya leƙa wannan. Amma na lura ya riga ya tuƙa 'yar igiya sabuwa, irin ta ɗaure maraƙi, ya rataye a bakin bukka.

Ta haihu ranar 14 ga Fabrairun 2006. A makon nan duk garin maganar murar tsuntsaye ake yi, rediyo na faɗar kajin da ake hallakawa a wasu jihohi, mata na tambaya ko a ci ƙwai ko a bari. Ba wanda ya damu da saniya ɗaya a gindin dutse. Raliya ce ta biyo ta gidana da kanta. Na tambaye ta me aka samu. Ta ce, "An samu lafiya." Da na ji haka na gane. Namiji ne.

Ya bar ɗan maraƙin ya sha dakashi kwana huɗu, yadda Alice ta yarda, sannan aka ɗauke shi aka haɗa shi da wata saniya da ɗanta ya mutu, aka ware su biyun a gefe har a ga yadda zai yi. Ranar ta biyar muka je da Alice da wani mahauci. Na ɗauka Nagoggo zai nemi a ƙara masa lokaci, a sake gwada wani cikin, tun da saniyar ba ta tsufa ba. Zakariyya ma ya faɗa masa haka. Ya ce a'a, alkawarin ciki ɗaya ya yi, kuma ba zai iya tsare iska shekara biyu ba.

Shi ya riƙe mata ƙaho har aka kayar da ita. Da za a sa wuƙa ya zagaya bayan bukka. Alice ta ciro huhun ta shimfiɗa a kan ganye. Na dama lafiyayye ne. Na hagu ya manne da haƙarƙari, sai da aka ɓamɓare shi, kuma a tsakiyarsa akwai wani ƙulli mai tauri, girman ƙwallon mangwaro. Ta tsaga shi. Ciki ruɓaɓɓen nama ne mai ruwan toka, kuma ta gefe ɗaya bangon ya huje, ya buɗe cikin hanyar iska.

Ta kira shi. Ya zo ya tsuguna, ya sa yatsa ya taɓa wurin hujin.

"Ƙaramin abu," in ji shi.

Ya haƙa rami mai zurfi da kansa, aka binne huhun. Naman Alice ta duba ta ce a ci. Ya rabar da shi duka, bai kai ko tsoka gidansa ba.

Daga nan ba a sake jin tarin huhu a garken ba, kuma duk shekara shi ke fara isa filin rigakafi. Ɗan maraƙin ya rayu. Da ya shekara uku, Nagoggo ya jawo shi har ƙofar gidan Saloma. Ta fito ta zagaya shi, ta duba ƙafafu da wuya.

"Ai ba a biyan dabbar riƙo."

"Ba biya ba ne. Ba ni da abin da zan yi da shi."

"Bai san garma ba. Ni kuma ba ni da ƙarfin horon sa. In kana so in karɓa, sai ka koya masa da kanka."

Nagoggo bai taɓa riƙe garma ba a rayuwarsa, kuma a wurin irinsa abin dariya ne a gan shi a bayanta. Ya zo duk da haka, safiya shida a jere, farkon damanar 2009, aka haɗa jan san da tsohon. Ina wurin a rana ta uku. Saloma na gaba riƙe da igiya, shi yana baya yana kokawa da mariƙi, kunyar da ya tayar ta karkace kamar sawun maciji.

"Ɗan Fulani, dawa zan shuka ko rawa za mu yi?"

"San ne bai iya ba."

"San ya iya tun jiya. Danna hannunka na hagu."

Ya danna. Suka juya a ƙarshen gona suka kamo ta gaba.